Murja, Ki Jira a Sake Gwadawa

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ke da kayanki da hankalinki, musamman ma hankalin, don shi ne na ga yana neman ya riga ki tafiya. Allah Ya tsare ki a mota da jirgi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Mahaifiyarki ce za ta cusa takardar cikin jakarki, tsakanin busasshen kifi da ƙullin yaji, don na san in na miƙa miki hannu da hannu cewa za ki yi kin ji, kin gane, ki ajiye ta a kan firij.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar ranar Talata ce, wadda kika rufe kwamfuta a kanta kika tashi kika bar ni da baki buɗe.

Bari in maimaita miki abin da kika ce, don ki san tsohon nan yana saurare. Kika zauna a kan tabarmata bayan la'asar, kika nuna mini wani hoto mai ɗigo-ɗigo birjik, guda ɗaya ya yi tsalle ya haura wani layi. Kika ce, "Baba, na gano shi!" Kika ce kun ɗebi jinin masu ciwon ƙoda da na masu lafiya, kun auna ƙwayoyin gadonsu wuri-wuri har miliyoyin wurare, sai ga wuri ɗaya da ya fi yawa a jikin marasa lafiyar. Kika ce farfesarki ta ce a yi shiru tukuna, sai wasu masu bincike dabam sun duba a jikin wasu mutane dabam sun ga abin ya sake fitowa. Kika kira ta matsoraciya. Sannan kika ce ƙawarki ta gidan rediyo za ta kira ki a waya mako mai zuwa, ki shaida wa duniya cewa an gano gadon ciwon ƙoda a jinin masuntan Argungu. Na ce kada ki yi. Kika ce, "Baba, wannan fa ba noman shinkafa ba ne."

To, na ji. Ba noman shinkafa ba ne. Ni malamin gona ne mai ritaya, ban san sunan ko ɗaya daga na'urorinku ba, kuma ba na neman sani. Amma gaggawar nan da na gani a idonki na san ta sarai, don a wurina kika ɗauko ta, kuma wannan kam ba sai an ɗebi jinin kowa ba. Kin taso kina jin tsofaffin Ambursa suna kirana Malam Ta-Tabbata, har kina ƙarama kina alfahari da sunan. Ban taɓa gyara miki ba saboda kunya. Yau zan gyara.

Farkon kama aikina, an haɗa ni da wani dattijo, Malam Ɗantani, mai cin goro, mai ƙarancin magana. Ya miƙo mini ƙulle-ƙullen irin albasa a takarda, sun haura talatin, kowanne da lambarsa. Ya ce in shuka kowanne a fangalinsa, in ba su ruwa daidai, in auna abin da suka bayar. Na yi wannan aiki kamar raina zai fita. Da aka cire albasa, lamba sha bakwai ta yi wa sauran fintinkau. Na zauna na rubuta rahoto shafi uku, har da bayanin yadda ganyenta ya fi duhu da yadda wuyanta ya fi kauri. Malam Ɗantani ya karanta tsaf, ya tauna goronsa, ya ce, "Madalla. To, duk cikin gwangwani guda niɗ ɗebo su. Iri guda na." Na ce to yaya aka yi sha bakwai ta fi? Ya ce, "Kai, ko aji duka dakikkai na, ai sai wani ya zo na ɗaya."

Fangali talatin da 'yan kai ke nan, Murja. Ke kuma miliyoyin wurare kika duba. Na san za ki ce layin nan na hotonki saboda haka aka ja shi can sama, kin faɗa mini, na kuma yarda masu ilimi ne suka ja shi. Amma ke da bakinki kika ce ɗigon naki da ƙyar ya haura. Abin da ya haura da ƙyar sau ɗaya, a bar shi ya sake haurawa mu gani mana. Mene ne abin faɗa a nan?

Za ki zaci na ɗauki darasi. Ina! Shekaru suka wuce, na zama babba, aka ba ni babur da ofis. Aka kawo wani sabon irin shinkafa gajere mai saurin nuna, aka ce mu gwada. Na kai shi gonar wani manomi a fadamar Ambursa, sunansa Nomau, mutum mai haƙuri da ba ya musu da ma'aikaci. Murja, ban taɓa ganin shinkafa irin ta wannan shekara ba. Zangarniya ta yi nauyi har tana sunkuyawa, masu wucewa suna tsayawa kallo. Ranar da aka buge ta aka jera buhuna, na tsaya ina lissafin ƙarin girman da za a yi mini. Nomau ya matso ya ce a hankali, "Malam, bari dai mu ga baɗi. Wagga gona ba kamar sauran ta ba." Na ce masa ilimi ba ya jiran baɗi. Wallahi haka na ce, da wannan bakin nawa.

Na karɓi motar ofis mai lasifika, na bi kasuwanni tun daga nan har Argungu ina shela: "Ta tabbata! Jama'a, ta tabbata! An gwada, an gani!" Mutane suka yarda, don sun ga ɗan boko da takarda a hannu. Suka ajiye tsohuwar shinkafarsu, doguwar nan mai bin ruwa, wadda in kogi ya tashi ita ma sai ta tashi. Wasu ma suka dafa irinsu suka cinye, tunda Malam ya ce ba za a ƙara bukatarsa ba. Damina ta zo, kogin Rima ya cika kamar yadda ya saba cika, ba wani abin mamaki ba. Gajeriyar shinkafata ta nutse ƙurmus. Gonar Nomau kuwa ashe a kan ɗan tudun fadama take, ruwa ba ya rufe ta, kuma rani uku a jere Fulani suna ɗaure shanunsu a wurin. Ko tsakuwa ka shuka a nan sai ta yi ƙoƙari. Kowa a Ambursa ya san haka, sai ni da na zo da ma'auni.

A shekarar, magidanta da yawa suka fita ci-rani tun kafin lokaci. Wani mutum da ban san sunansa ba har yau ya shigo ofishina da damin karan shinkafa ruɓaɓɓe, yana ɗigar da ruwa, ya ɗora mini a kan tebur, ya juya ya fita. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga nan sunan ya bi ni, kuma ba yabo ba ne.

Ni iri na kalla, ashe gonar ce. Shi ya sa ranar Talata na tambaye ki daga ina marasa lafiyarki suka fito, kika ce yawancinsu unguwar masunta ta bakin kogi a Argungu. Na ce masu lafiyar fa? Kika ce yawancinsu nan cikin Birnin Kebbi, ma'aikata da ɗalibai. Haba Murja! Dangin uwarki ne fa mutanen unguwar nan, kin san su. Tun kaka da kakanni junansu suke aure, har kunnuwansu iri ɗaya ne. Dole ki sami abin da suka yi tarayya a kai a jini, ko da babu ruwansa da ƙoda. Kuma ba jini kaɗai suka haɗa ba. Ruwa ɗaya suke shiga, abinci ɗaya suke ci, mai magani ɗaya suke saya a wurinsa in baya ya yi ciwo. Kin ce kwamfuta tana gyara wannan. Na yarda tana ƙoƙari. Amma da ta iya gyara shi duka, da farfesarki, wadda ta fi ki sanin kwamfutar, ba ta ce a jira ba.

Sai kika ce ai kin riga kin maimaita, sau uku kika sake lissafin, har kin ƙara wasu mutane daga unguwar, abin bai canja ba. A nan ne na ji kamar in ɗora hannu a ka, don wannan ma na yi shi. Bayan shinkafata ta nutse, maimakon in yi shiru, sai na ce manoma ne ba su bi ƙa'ida ba. Na koma gonar Nomau, gonar nan dai ta kan tudu mai takin shanu, na sake shuka irin. Ya sake yin kyau, ba kamar na farko ba, amma ya yi. Na ɗauko zangarniya ina kaɗawa ina cewa ga shi nan, sau biyu ke nan. Nomau mai haƙuri, ranar haƙurinsa ya ƙare. Ya ce, "Malam, mutum guda kat tambaya so biyu, kac ce shaidu biyu gare ka? In kana son gaskiya, kai shi gonar da ba ka so, ka ba wanda bai san ka ba shi shuka."

Abin da farfesarki take faɗa miki ke nan, ita da turancinta, shi Nomau da Kabancinsa, Hausarmu ta Kebbi. A kai maganarki wata ƙasa, a jikin mutanen da ba su taɓa ganin Rima ba, a hannun masu binciken da ba su damu ko kin yi suna ko ba ki yi ba. Ki faɗa musu tun farko wane wuri za su duba da abin da kike tsammanin za su gani, ki rubuta ki ajiye, don kada in sakamako ya zo ki fara lanƙwasa magana. Na san lanƙwasa magana, na yi shekaru ina yi.

Akwai abu ɗaya da kika faɗa wanda gaskiya ne, kuma ban ba ki amsarsa ba saboda raina a ɓace yake. Kin ce manyan binciken nan an fi yin su a jikin Turawa, mu baƙaƙe kaɗan ne a ciki, don haka samun wasu mutanen da za a gwada naki a jikinsu zai ɗauki lokaci, wataƙila ma wani ya riga ki. Haka ne, kuma abin haushi ne, ni ma ya ba ni haushi. Amma ba dalili ba ne na a sayar wa mutanenmu abin da ba a gama aunawa ba. Don mu kaɗan ne a littafinsu, sai ya zama abin da za a rubuta a kanmu ɗin ma na gaggawa ne? Inda za ki akwai masu irin aikinki daga ƙasashe da yawa. Ki sauke girman kan nan, ki nemi masu mutane irin namu a hannu, ki ba su naki su ba ki nasu. In wani ya riga ki, ya riga ki. Ba a mutuwa da wannan, na ga mutane da yawa da aka riga, suna nan suna cin tuwo.

In an gwada ya fito, kada ki yi mamaki in ya fito da ƙarancin ƙarfi. Daga baya mun sami irin da ya fi na da da gaske, amma ko shi bai taɓa maimaita abin da ya yi a shekarar da muka fara lura da shi ba, don dama shekarar da abu ya yi fice ce take jawo ido. In kuma an gwada bai fito ba, ki rubuta cewa bai fito ba, ki sa sunanki a ƙasa. Ni rahoton nutsewar shinkafata a aljihun tebur na kulle shi. Bayan an canja mini wurin aiki, wanda ya gaje ni ya ga rahoton farko kaɗai, mai cewa ta tabbata, ya sake raba irin a wasu ƙauyuka. Su ma ta nutse musu. Wannan alhakin ma yana wuyana.

Yanzu saura wadda ban taɓa gaya wa kowa ba sai uwarki, ita ma sai da muka tsufa.

Kin san Inna Kulu, 'yar ƙanen kakanki na wajen uwa, mai bandar kifi a Argungu. Ita ce ta bi gida-gida tana lallashin matan unguwa su ba ki jininsu, tana cewa, "Ɗiyarmu ta, ba ta cutar mu." Ba don ita ba da ko mutum goma ba ki samu ba, kin sani. Lokacin da na auri uwarki, Kulu budurwa ce, kuma a 'yan shekarun nan mahaifinta da yayyenta maza biyu suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kowanne jikinsa ya kumbura kafin ya cika. Akwai wani saurayi ɗan gidan 'yan kasuwa a nan Birnin Kebbi da yake nemanta, magana ta yi nisa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baffan yaron ya ja ni gefe. Ya ce ni surukin gidan ne, kuma ni ɗan boko ne, in gaya masa tsakanina da Allah, ciwon nan na gado ne? Ni ba likita ba, ban taɓa duba ko ɗaya daga cikin mamatan ba. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ina jin daɗin an tambaye ni. Na gyara tsayuwa na ce, "Mutum uku a gida ɗaya? Ai wannan a jini yake."

Kafin wata ya ƙare an janye maganar auren. Kafin shekara, duk wanda zai nemi aure a gidan sai wani ya raɗa masa abin da Malam ya ce. Ƙannenta mata sai can nesa aka kai su, inda ba a san labarin ba. Ita Kulu ta zauna a gaban bandar uwarta har ta kusa arba'in kafin ta yi aure, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Har yau ban san abin da ya kashe mutanen nan uku ba. Wataƙila gado ne, wataƙila ba shi ba ne. Abin da na sani, Kulu ta haura sittin, ta fi ni lafiya, ƙannenta da 'ya'yansu suna nan garau. Ni a ƙofar masallaci na yi tawa maganar, mutum ɗaya ya ji. Ke rediyo za ki hau.

Kada ki ce mini ba za ki ambaci sunan kowa ba. In kika ce masuntan Argungu, duk mai sauraro daga nan har Ambursa zai iya lissafo miki gidajen. Kuma ba wanda zai tsaya jin cewa abin ɗan ƙarin haɗari ne kawai, cewa da yawa masu ɗauke da shi ba za su taɓa yin ciwon ba. Abin da za a riƙe shi ne likita ta ce a jininsu yake. Sa'a, jikar babban yayan Kulu, an sa ranar aurenta bayan sallah. Bayanta akwai ƙannenta uku.

Ranar Laraba, washegarin da kika rufe mini kwamfuta, na shiga mota na tafi Argungu da sunan zan samo miki kifin tafiya. Na tarar da Kulu da hantsi tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya cika rumfar. Ta yi ta tambayarki, tana murna, tana cewa ɗiyarsu za ta shiga jirgi. Na zauna na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce kin ga wani abu a jinin da aka ɗiba, amma ba a gama tabbatarwa ba. Ta ci gaba da juya kifinta. Ni duk shekarun nan ina zaton ba ta san daga bakin wa maganar can ta fito ba. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, gaya ma ɗiyakka, in ta ga wani abu cikin jininmu, ta duba shi so biyu. In gaskiya na, mu muna son mu sani, mu nemi magani da wuri. Amma ta duba so biyu. Kai so guda ma ba ka duba ba."

Na miƙe zan tafi. Ta zaɓo manyan kifaye da hannunta, ta naɗe su a takarda, ta ce a sa miki a jaka. Su ne waɗannan da kike jin warinsu a jikin takardar nan.

Saboda haka ki kira ƙawarki ki ce mata ba yanzu ba. Ki ba farfesarki haƙuri a kan kalmar da kika jefe ta da ita, ko da ba ta ji ba. Ranar da wasu suka duba a wani wuri suka ga abin da kika gani, kafin rediyo, ki fara zuwa rumfar Kulu ki zauna ki yi musu bayani da bakinki, ni zan raka ki. In ba su gani ba, nan ma ki je ki faɗa musu.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin gaggawa. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya ba ki haƙurin da bai ba ubanki ba sai da ya tsufa. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, ki kira uwarki da zarar kin sauka don ba za ta zauna ba sai ta ji muryarki. Allah Ya dawo mana da ke da sunanki na yanka, ba da wanda mutane za su laƙa miki ba. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
wanda har yau in ya ratsa kasuwar Ambursa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ta tabbata?"